Haƙoran Abba Huɗu

Wata uku ke nan da aka cire wa ɗana haƙora huɗu a rana ɗaya, yana ɗan shekara uku da rabi. Ya warke, yana cin nama, yana damun mutane kamar da, mun gode wa Ubangiji. Matan zumuntar cocinmu ne suka ce in rubuta yadda abin ya faru, tunda kowace ta tare ni a bakin mota sai na faro mata daga farko, bakina kuma ya gaji. Wadda take da ƙaramin yaro, musamman mai tsohuwa a gida tana taya ta raino, ta karanta har ƙarshe kafin ta ɗora wa kowa laifi.

Sunana Rahila, nas ce ni a wani gidan kula da tsofaffi a Silver Spring, a Amurka. Abin kunyar ke nan. Kullum sai na wanke wa iyayen wasu haƙoran roba, in goge su tas, in jera a kofi, alhali ɗan da na haifa nasa suna ruɓewa a gidana.

Mahaifiyar mijina Bitrus, wadda muke kira Mama, ta zo daga Zariya lokacin da na haihu, da niyyar wata shida. Da muka ga yadda kuɗin raino yake a ƙasar nan, muka roƙe ta ta zauna, ta zauna. Yaron sunan marigayi mijinta aka sa masa, don haka mu muke ce masa Abba, ita kuwa Maigida. Tun da nake ban taɓa ganin maigidan da ake bi sau da ƙafa irin wannan ba. Ina shiga aiki ƙarfe uku na rana, sai kowa ya yi barci nake dawowa, saboda haka wanka da abincin yamma da kwantar da shi duk a hannunta suke.

Mama tana da shayinta. Mai kauri, da madarar gwangwani, da sukari cokali uku, wani lokaci har da zuma. Tun Abba bai cika shekara ba ta fara tsiyaya masa a fida, wato kwalbar shayar da jarirai, ya kwanta da ita a baki har barci ya ɗauke shi. Na gani. Na kuma san abin da hakan ke yi, an koya mana a makaranta. Amma ta yaya zan buɗe baki in ce wa uwar mijina, wadda ta bar gidanta da 'yan uwanta ta zo tana wanke kashin ɗana, ba ta iya ba? Sai na bi ta bayan gida na gaya wa Bitrus. Ya ce, "Haba, haƙoran madara ne fa, faɗuwa za su yi. Ni ma da haka aka raine ni, ga bakina." Na ja bakina na yi shiru. Na ga wani farin layi kamar alli a gindin haƙoransa na sama, na ce madara ce. Layin ya koma ruwan ƙasa, na ce shayi ne. Mutum in ya so yaudarar kansa ba ya rasa hujja.

Satin farko abin ya zo a hankali. Abba ya koma tauna da gefe ɗaya, ya daina cin tufa, in ya sha ruwan sanyi sai ya dafe baki. Mama ta daka kanumfari ta dangwala masa. Maƙwabciyarmu Hajiya Memuna, 'yar Kumasi mai sayar da atamfa, ta ce tsutsa ce a ciki, a turara masa hayaƙi ta faɗo. Wata a coci ta kawo man zaitun da aka yi wa addu'a. Na karɓi na kowa na yi godiya, na ba shi maganin zazzaɓi, na tafi aiki.

A sati na biyu, ranar Asabar da safe, ya tashi leɓensa na sama ya kumbura, kuncin hagu ya haye har yana neman rufe ido, jikinsa kamar garwashi. Nan nas ɗin da ke cikina ta farka, bayan an gama ɓarna. Muka kwashe shi sai sashen gaggawa. Mun zauna tun safe har rana ta karkata, Mama tana goye da shi tana zagaye kujeru, Turawa suna kallon zanin goyo kamar ba su taɓa ganin yaro a baya ba. Da aka kira mu likita ya duba, aka ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta, aka ce mugunya ce ta taru a gindin haƙori. Ya ce da ta ƙara hawa sama da sai an kwantar da shi. Sannan ya ce su ba su da likitan haƙori, mu nema da kanmu. Wuni guda a layi don a ce mana mu je wani layin.

Ranar Litinin na zauna da waya. Wannan asibitin ba sa karɓar inshorarmu, wancan ba sa ganin yara ƙanana, na gaba sai bayan wata biyu. A nan ne ma muka gano cewa inshorar Bitrus ta jiki daban, ta haƙori daban, kamar baki ba a jikin mutum yake ba. Da ƙyar muka samu wani ƙaramin asibitin haƙoran yara a Gaithersburg, suka ce mu zo sati mai zuwa.

Likitar wata siririya ce mai magana a hankali. Ta ɗauki hoto, ta sa a allo, ta riƙa nuna mini da biro. Na sama guda huɗu na gaba sun mutu, sai cirewa. Turame huɗu sun huje amma za a iya ceto su, a sa musu hular ƙarfe. Yaro ƙarami haka ba zai tsaya ba, dole a sa shi barci a ɗakin tiyata, layin kuma sati shida. Ta ce a ƙarƙashin waɗannan akwai haƙoran da zai rayu da su, suna nan suna jira, kuma ciwon na iya taɓa su. In fida ta ci gaba, sauran ma za su bi. Maganarta ɗaya ce ta zauna mini a ƙirji: "Wannan ba ciwon wata ɗaya ba ne." Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta dai kalli rigar aikina da na zo da ita, ta mayar da ido kan allo.

Na dawo gida da wannan kallon. Ina buɗe ƙofa na tarar da Mama a kicin tana girgiza fida, wai Maigida ya sha wahalar hanya. Ban san lokacin da na fizge ta daga hannunta ba.

"Mama, wannan abin ne ya ruɓar masa da baki. Ke kika yi masa haka. Haƙora huɗu za a cire saboda shayinki."

Na jefa fidar a kwandon shara. Mama ta dube ni, ta dubi hannunta, ta goge shi da zani, ta shige ɗaki. Magana zarar bunu ce, na riga na zare.

Sati na huɗu shi ne mafi muni, ya fi na kumburin. Mama ta daina cin girkina, sai ta dama kununta ta sha a ɗaki. Ta jawo akwatinta daga ƙarƙashin gado ta ajiye a bakin ƙofa. Ta ce wa Bitrus ya nema mata tikiti, da an gama aikin yaro za ta koma gida, tunda ta zama annoba. Ta janye hannunta daga Abba, ba ta ba shi fida, ba ta kuma rarrashinsa. Shi kuwa ya ɗaga gidan da kuka. In na nufo shi da buroshi sai ya datse baki yana shure-shure. Kwana uku Bitrus ya jure, na huɗu ya je ya sayo sabuwar fida a ɓoye, na same ta a bayan kujera da sauran shayi a ciki. An gudu ba a tsira ba. Na ɓata da tsohuwa, kuma sukarin bai bar bakin yaro ba.

A haka na mayar da shi asibitin haƙoran nan ganin Mis Loreta. Ita ba likita ba ce, aikinta wanke haƙora, da shafa musu wani mai da ke ƙarfafa su, da koya wa iyaye. Mace ce mai jiki, ta manyanta, da dogon kitso ɗaya a baya da 'yan kunne na duwatsu. Ban taɓa haɗuwa da 'yan asalin ƙasar nan, waɗanda Turawa suka zo suka tarar, ba sai a kanta. Ta ce mutanenta Anishinaabe ne, daga can arewa wajen manyan tafkuna, kusa da iyakar Kanada, aikin mijinta ne ya kawo su Washington.

Ba ta tambaye ni me yake sha ba. Cewa ta yi, "Wa ke kwantar da shi?"

Kamar jira nake. Na zazzage mata komai, shayi da sukari da akwati a bakin ƙofa. Ta bar ni na gama.

"Kin roƙe ta ne, ko kin gaya mata?"

Na ce ai gaskiya na faɗa mata.

Ta yi murmushi ta ce ita ma da gaskiyar ta fara. Da ta gama karatu ta koma garinsu da allunan hotuna da buroshi kwali-kwali, don abin da ta taso tana gani ya ishe ta. Asibiti nesa, sanyi wata da watanni, yaro ba ya ganin likitan haƙori sai ciwo ya ci ƙarfinsa, a ɗauke shi tafiya mai nisa a sa shi barci a cire. Ƙanenta ma haka aka yi masa. Ta tara iyaye mata ta yi musu bayani, suka gyaɗa kai, suka koma gida babu abin da ya canza. Daga baya ta gane cewa iyayen suna wurin aiki, kakanni ne ke riƙe da yara. Kakannin kuma an daɗe ana zuwa daga waje ana ce musu ba su iya raino ba, har an taɓa kwashe musu 'ya'ya an kai makarantun kwana na dole. Duk wanda ya zo da allo yana nuna musu kuskure, sun san irinsa.

"To a wurinmu," in ji ta, "in kana son wani abu wurin dattijo, ba ka zuwa hannu sake. Za ka ƙulla ɗan garin taba a ƙyalle ka miƙa masa, sannan ka faɗi buƙatarka. In ya karɓa, ya ɗauki nauyin ke nan. Sai na ajiye allunan na bi kakanni gida gida. Ban ce na zo koya musu ba, na ce jikokinku suna shan wahala, ni kaɗai ba zan iya ba, ku taimake ni. Yanzu duk bazara in na je gida, su ke tara mini yaran."

Na ce mu goro muke kaiwa.

Ta ce, "To me kike jira? Ki kawo mini ita, ina da tambayoyin da zan yi mata."

A hanya na tsaya shagon kayan Afirka na sayi goro fari manya guda biyar, tsadarsu ta kusa sa in mayar. Na naɗe a takarda. Na samu Mama a bakin gado tana ninke zannuwa, na durƙusa har ƙasa, abin da rabona da yi tun ranar da aka kai ni gaishe ta ina amarya. Na ajiye a gabanta.

"Goron me ke nan?"

"Na roƙo ne, Mama. Na yi miki rashin kunya, ki yafe mini. Abba ba ya buɗe mini baki, ba ya jin maganar ubansa. Ke kaɗai yake ji. In kin tafi sauran haƙoran ma tafiya za su yi."

Ta warware takardar. Sannan ta ɗauki ɗaya ta juya shi a hannu. "Wannan ya kwana biyu a hanya," ta ce. Ta ɓare, ta ba ni rabi.

Ranar da muka koma tare, Mama ta ci ado kamar za ta ɗaurin aure. Mis Loreta ta miƙe tsaye ta gaishe ta, ta ba ta kujerarta, ni ina tsakiya ina tafinta. Tambayar farko, da me take goge baki. Mama ta zaro aswaki daga jaka, ta ce da wannan, da gawayi da gishiri lokacin ƙuruciya. Mis Loreta ta roƙi izinin dubawa. Mama ta wangale baki, ta haura saba'in amma haƙori ɗaya ne babu, shi ma ƙashi ne ya fasa. Mis Loreta ta kira likita ta zo ta gani. Ku zo ku ga yadda tsohuwa ta gyara zama.

Daga nan ta nuna mana zaman da suke yi a garinsu inda babu kujerar likita. Manya biyu su zauna suna fuskantar juna, gwiwa da gwiwa, yaro ya kwanta a cinyoyinsu, ƙafafunsa wurin ɗaya, kansa wurin ɗaya. Ta ce ni in riƙe ƙafafu, kan a ba Mama. Mama ta ce, "Maigida, buɗe in gani," yaron da ya yi sati yana cizona ya buɗe. Mis Loreta ba ta taɓa shi ba, ta ce Mama ta ɗaga leɓen sama da yatsarta.

Gani ya kori ji. Ashe duk wannan lokacin Mama ba ta taɓa ganin gindin haƙoran ba, leɓe ya rufe, idonta kuma ba na da ba ne. A ƙarƙashin fitilar nan ta ga baƙaƙen kututture huɗu da jan dasashi. Ta yi magana ba tare da ta ɗago ba, ta ce in fassara.

"Lokacin da nake goyon ubansa, sukari ƙwaya-ƙwaya muke saya, madarar gwangwani sai Kirsimeti. Kunu zalla na yaye shi da shi, yana kuka ina kuka. Da na zo nan na ga madara a jarka, sukari a buhu, sai na ce wannan kam ba zai yi kukan da ubansa ya yi ba."

Na fassara iya yadda na iya. Mis Loreta ta ce ta gane. Ta ce kakarta ma alewa take cika aljihu da ita saboda yunwar da ta sha tana yarinya. Sannan ta tambayi Mama yadda za a raba yaro da fida ba tare da gida ya tashi ba, ta ce su sukan riƙa ƙara ruwa kaɗan-kaɗan har ya zama ruwa zalla. Mama ta ce wannan ai yaye ne, ta yaye shida, a bar mata.

Ta bi shawarar ƙarin ruwa kwana huɗu, ta ga abin zai ja, sai ta aike ni sayen shuwaka. Ta matse ta shafa a kan fidar. Abba ya kai baki, ya cire, ya kalle ta kamar wanda aka ci amanarsa, ya miƙa mata abarsa. Ba na ce kowa ya yi haka ba, Mis Loreta ma da ta ji dariya ta yi ta ce ba ta da wannan a littafinta. Amma daga ranar fida ta mutu. Safe da yamma Mama da Bitrus suna zaman gwiwa da gwiwa, makilin kamar ƙwayar wake, ita ke gogewa. Ta kuma gaya wa ɗanta a gabana cewa shi da yake cewa da shayi aka raine shi, ya nuna mata gidan da aka ba shi. Akwati ya koma ƙarƙashin gado, ba wanda ya sake ta da maganar tikiti.

Ranar aikin aka ce kada ya ci komai tun daren jiya, Mama ta ce ita ma azumi. Da aka tura gadonsa ya shige ƙofar nan mai buɗewa biyu, ni da nake tura gadajen mutane kullum sai ga ni na nemi kujera na zauna. Awa biyu muna zaune, Mama tana rera waƙoƙin coci ƙasa-ƙasa. Ya farka yana layi, bakinsa cike da auduga da jini, ya tsallake ni da ubansa ya miƙa mata hannu. Na ji kishi, ba zan ɓoye ba, amma godiyar ta fi yawa. Kwana uku yana shan kunu da dankali da aka dama, a na huɗu ya nemi kaza. Abin da inshora ta ƙi biya ya cinye kuɗin zuwanmu gida na bana, kuma har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci, don buroshi bai kai kuɗin burodi ba. Hajiya Memuna da ta ga turamensa huɗu suna ƙyalli ta ce ita sau ɗaya ta je Makka ta samu haƙori ɗaya, wannan ya je sau huɗu. Yanzu duk benen Alhaji ake kiransa, ɗan Kirista da shi.

Ina gode wa likitar da ba ta ci mini fuska ba, da Hajiya da ta yi mana girki sati guda, da matan zumunta. Mis Loreta kuwa ban san irin godiyar da zan yi mata ba. Da za ta tafi gida hutu, Mama ta ba ta aswaki dami guda ta kai wa tsofaffin garinsu. Ku kuma iyaye, ku ɗaga leɓen yaranku ku duba a wurin haske, ko wata-wata ne. In kun ga farin layi kada ku ce madara ce. Kada yaro ya kwanta da komai a baki sai ruwa, kuma ku kai shi a duba tun haƙorin farko, kada ku jira kumburi. A cocinmu ma ba sai kun wahala ba, Mama na bakin ƙofa duk Lahadi, ba yaron da ke wucewa ba ta ɗaga masa leɓe ba.

Abba zai zauna da giɓinsa har ya kai shekara bakwai ko kusa. Wasu kalmomin ba sa fita masa daidai, yara a makarantar raino sun fara tsokanarsa. Makon jiya ina gyara alayyafo a kicin, yana falo yana dariya da bakin nan fayau, sai hawaye ya zo mini. Mama tana gefe tana yanka albasa. Na sake ce mata ta yafe mini abin da na faɗa ranar nan.

"Wannan ai ya wuce. Uwa ce ta ga ɗanta cikin ciwo." Ta ci gaba da yanka. "Wanda nake ta fama in yafe shi ne ɗayan. Tun yaushe kika sani?"

Na ce tun bai cika shekara ba.

"Shekara biyu da rabi kina kallona ina cutar da shi da hannuna, ni ina ganin gata nake yi. Kin ga wuta ta kama zanina kin yi shiru, wai kina jin kunyata." Ta ajiye wuƙar. "Ni ba baƙuwa ba ce a gidan nan, Rahila. Kunyar nan ki rage ta."

Na ce to, Mama. Ta turo mini albasar, na zuba a mai.